Tsohon firam da hoton cikinsa: yadda ake ceton ɗaya ba tare da an kashe ɗayan ba

A gidan adana zane-zane na National Gallery da ke Landan akwai wani ƙaramin hoto na wani dattijo da jan ƙyalle naɗe a kansa kamar rawani, zanen Jan van Eyck. An san ranar da aka gama shi, 21 ga Oktoba, 1433. Wannan rana ba a jikin zanen take ba, ba kuma a wani kundi aka tono ta ba. A ƙasan firam ɗin take, tare da sunan mai zanen, an rubuta su da fenti, amma sai ka rantse sassaƙa su aka yi a katako. Da a ce cikin shekaru kusan 600 ɗin nan wani mai hoton ya ga firam ya tsufa, ya kira kafinta ya sake masa sabo, da sunan da ranar duk sun bi shara.

Irin wannan ne ya sa tarukan masu sana'ar firam suka daina tsayawa ga injin yanka da sabbin samfuran katako kawai. Ƙungiyarsu ta Amurka, PPFA, wadda aka kafa a 1971, da takwararta ta Ingila, Fine Art Trade Guild, duk suna yi wa masu sana'ar jarrabawa, kuma babban ɓangaren abin da ake tambaya shi ne yadda za a sa wa hoto firam ba tare da an cutar da shi ba. Idan aka haɗu ana karatun juna, maganar da ta fi ɗaukar lokaci ita ce wadda kowane mai shago yake cin karo da ita: an kawo tsohon hoto a cikin tsohon firam, kuma firam ɗin yana cin hoton a hankali. Wasu sukan ce a jefar da firam a ceci hoto. Wasu sukan ce kada a taɓa komai, tarihi ne. Dukansu sun yi kuskure, domin akwai hanya ta uku, sai dai tana bukatar haƙuri da sanin kayan aiki.

Da farko a fahimci yadda tsohon firam yake ɓarna. A ƙarni na 19 an saba toshe bayan hoton takarda da siraran allunan katako, a danne su da ƙusoshi. Katako yana fitar da asid, shi da kwalin da aka yi da niƙaƙƙen itace. Idan aka buɗe irin wannan firam a yau, aka ɗaga allunan, sai a ga hotonsu ya fito a bayan takardar: inda katakon yake da ido, akwai baƙin tabo zagayayye daidai girman idon, inda alluna biyu suka haɗu suka bar tsaga, akwai layi mai launin ƙasa daga sama har ƙasa, domin ta nan iska da ƙura suka yi ta shiga shekara da shekaru. Sau da yawa tabon ya riga ya ratsa ya fito ta gaba. Kwalin taga, wato kwalin gaba da aka yanke wa tsakiya yake kewaye da hoton, shi ma yana barin nasa zanen, wani siririn layi ruwan ƙasa daidai bakin yankan. Ana gane mugun kwali daga bakin yankansa: idan ya koma launin shayi, asid ne a ciki. Sai gilashi da ke manne da fuskar hoto, sai ƙusoshi masu tsatsa. A zanen mai, wato wanda aka yi a kan yadi ko allo, ɓarnar daban ce: leɓen firam yana goge fenti a gefe, wani lokaci kuma a tarar an kafa ƙusa ta ratsa katakon da aka ɗaure yadin a kai.

Duk wannan gaskiya ne, amma ko ɗaya ba laifin fuskar firam ɗin ba ne. Laifin abin da ke ciki ne da abin da ke baya, kuma waɗannan ana iya sauya su.

Kafin a taɓa firam, sai an san da me aka yi shi, domin maganin wani dafin wani ne. Firam mai zinariya hawa-hawa ne. Ƙasa katako. A kansa ake shafa abin da ake kira jeso, wato garin alli da aka dama da gam ɗin fatar zomo. Ana jiƙa gam ɗin kwana ɗaya, kusan awo 1 na gam ga awo 10 na ruwa, a narka shi a cikin kwanon da aka ɗora a kan ruwan zafi, kada ya tafasa, domin tafasa tana kashe ƙarfinsa. A tankaɗe alli a zuba, a shafa shafi takwas ko fiye, kowane shafi ya sha iska kafin na gaba. A Faransa, a zamanin sarakuna Luwi na 14 da na 15, akwai masu sana'a na musamman da aikinsu shi ne sake sassaƙa ado a cikin busasshen jeso da ƙananan ƙarafa, su fito da jijiyar ganye da ƙananan layukan da alli ya cike. A kan jeso ake shafa lallausan yumɓu, rawaya a cikin kwarin ado, ja a kan tudu. Sannan zinariya. Ganyen zinariya ana sayar da shi a ɗan littafi mai ganye 25, kowanne faɗinsa kusan santimita 8, kaurinsa kuwa kusan kashi ɗaya cikin dubu goma na milimita. Ba ya taɓuwa da yatsa, numfashi ma yana tashinsa. Da wani faffaɗan burushi mai laushi ake ɗaukarsa, a jiƙa yumɓun da ruwa mai ɗan barasa, a kawo ganyen kusa, ruwan ya fizge shi ya kwantar. Bayan wasu awoyi a murza da dutsen aƙiƙ har ya yi ƙyalli kamar zubin zinariya.

Wannan shi ne aikin ruwa, kuma abin da ruwa ya ɗaure ruwa ne yake kwance shi. Tsumma mai danshi, sharɓa ɗaya, ya isa ya ɗebe zinariyar da ta shekara 300 a wurinta, ya bar jan yumɓu a fili. Shi ya sa a yawancin tsofaffin firam ƙasan ne ya fi cinyewa, nan ƙura take taruwa, nan mai shara yake kai hannu. Akwai kuma aikin mai, inda ake manna ganyen a kan wani mai da ya kusa bushewa. Shi ba ya murzuwa, ƙyallinsa a dushe yake, yana ɗan jure ruwa amma sinadaran narka fenti suna cinye shi. Firam ɗaya yakan haɗa duka biyun, tudu aikin ruwa, kwari aikin mai. Alamar aikin ruwa ita ce siraran ratsi masu kauri biyu a inda ganye ya hau kan ɗan'uwansa, suna jere a tazara ɗaya. Masana suna son ganin waɗannan ratsi, domin su ne shaidar ba a sake rufe firam ɗin ba.

Daga ƙarshen ƙarni na 18 aka samu hanyar arha, wato kwampo: alli da gam da man linsid (wani man tsiro ne mai bushewa) da ƙaron itace, a cuɗa da zafi kamar ƙullu, a danna cikin mazubi, a yanko adon a liƙa a kan katako. Yawancin firam masu fure da ganye na ƙarni na 19 kwampo ne, ba sassaƙa ba. Yana ƙanƙancewa da tsufa, sai ya yi ta tsagewa a gicciye, tsaga bayan tsaga a tazara kusan ɗaya. Inda ya ɓalle za a ga abu mai launin ƙasa kamar busasshen tuwo, babu jijiyar itace. Kwampo ba abin raini ba ne. Idan shi mai zanen ya zaɓa, ko shi aka fara sa wa hoton, darajarsa ga wannan hoton ta fi ta sassaƙaƙƙen firam da aka aro daga wani wuri.

Tsabtace irin wannan firam a gida ko a shago bai wuce burushi mai laushi ba, da injin zuƙar ƙura da aka ɗaure wa raga a baki, a riƙe shi nesa kaɗan, ana kaɗo ƙurar zuwa gare shi. Idan jeso yana ɗagowa kamar ɓawo, ko burushin ma a ajiye. Duk guntun da ya faɗo a sa a ambulan, a rubuta daga wane gefe ya fito. Babbar musibar da ta fi kowace yawa ita ce fentin gwal na gwangwani. Babu zinariya a cikinsa, garin tagulla ne, cikin 'yan shekaru sai ya koma ruwan ƙasa ko ya yi kore-kore, ga shi ya cike sassaƙa ya dushe ta. Cire shi aikin makonni ne da ɗan tsinke mai auduga, kuma ba kullum ake samun zinariyar ƙasa da rai ba. Firam da ya goge ya nuna jan yumɓunsa ya fi wanda aka yi wa wannan kwalliya sau ɗari.

Idan wani ɓangaren ado ya ɓace, ana duba ɗan'uwansa a ɗaya kusurwar, a ɗauki siffarsa da irin roban da likitan haƙori yake awo da shi, a zuba sabo, a liƙa da gam mai kwantuwa, a sa masa zinariya, a rage ƙyallinta ta yi daidai da maƙwabtanta. A nan ra'ayi ya rabu. Masu kasuwa sun fi son gyaran ya ɓace ɓat. Masu aikin gidajen tarihi sun fi son ido ya kasa gani daga nesa, amma wanda ya zo bincike nan gaba ya iya bambance sabo da tsoho, kuma a rubuta abin da aka yi, a ɗauki hoto kafin da bayan aiki. Na biyun sun fi gaskiya, domin gyaran da ba a rubuta ba bayan shekara 50 ya zama ƙarya a jikin firam.

Sai ainihin dabarar sulhun. Matsalar tsohon firam ita ce kwarmin bayansa, inda hoto yake zama, ba shi da zurfin da zai ɗauki gilashi da tazara da kwali biyu da marufin baya. Mai gaggawa sai ya ɗauko kurfi ya ƙara haƙa kwarmin, ko ya yanke firam ya rage shi ya yi daidai da hoto. Abin da aka yanke ba ya dawowa. Hanyar da ta dace ita ce ƙari, ba ragi ba: a yanko sabbin sandunan katako huɗu, a ɗaura su a bayan firam da sukurori, ba gam ba, su zama katanga da ta ƙara zurfin kwarmin. A shafa musu launi mai duhu don kada su ja ido ta gefe. Ranar da aka ga dama a kwance sukurori, firam ya koma yadda yake. Kada wannan katanga ta rufe tambari ko lambar gwanjo ko takardar shagon da ya yi firam, domin sau da yawa da su ake bin sawun hannun da hoto ya bi. Cikin kwarmin a liƙa tef mai fuskar alminiyam don ya tare asid ɗin katako. Idan zanen mai ne, a shimfiɗa siririn ƙyalle mai laushi a leɓen da fenti zai jingina, a riƙe zanen da lanƙwasassun ƙarafa da ake ɗaurewa a jikin firam kawai, a rufe bayansa da allo mara asid don tare ƙura da bugu.

Ga aikin takarda kuwa, ƙa'idar ita ce takarda tana numfashi. Tana buɗewa da danshi, tana tsukewa da bushewa. Duk wanda ya liƙe ta gefe huɗu, ko ya manne bayanta gaba ɗaya da zafi, ya hana ta motsi, kuma za ta rama da kumbura ko yagewa. Rataye ta ake yi daga gefen sama kaɗai, da 'yan harsunan takardar Japan guda biyu, wadda ake yi da ɓawon itacen kozo, doguwar jijiya gare ta. Ba a yanka harshen da almakashi. Ana ja masa layi da ruwa a yage, don bakinsa ya yi gashi-gashi ya kwanta ba tare da ya bar shaida ta gaba ba. Gam ɗin kuwa kunun sitacin alkama ne, awo 1 ga ruwa awo 4 ko 5, a dafa ana juyawa har ya yi sheƙi, ya huce, a tace, a sassauta da ruwa. A shafa kaɗan, a bari ya ɗan sha iska, a ɗora a bayan hoton bai wuce milimita 5 ba, a danne da takardar tsotse ruwa da ɗan nauyi har ya bushe. Da gangan ake zaɓar harshen da bai kai hoton ƙarfi ba, domin idan firam ya faɗo, shi ya yage a maimakon hoton. Bayan shekaru, ɗan danshi ya isa ya sake shi. Salatif kuwa gam ɗinsa yana narkewa ya shige cikin takarda, ya bar tabo mai maiƙo da ko ƙwararre yakan sha wuya a kansa, ledar kuma ta bushe ta faɗi.

Kwalin gaba da na baya su zama na auduga zalla, ko na itacen da aka tace aka raba shi da sinadarin da ke zama asid. Yawanci ana ƙara musu alli don ya riƙa kashe asid. Amma akwai abubuwan da ba sa shiri da alli: tsofaffin hotunan nan masu launin shuɗi, da siliki, da ulu. Su mara alli ake sa musu. Kaurin kwalin taga, kusan milimita ɗaya da rabi, ba ado ba ne kawai, shi yake hana gilashi taɓa hoto. Babban hoto ko mai kumburi yana son mai kauri biyu. A bar wa dukan kayan sararin kamar milimita 3 a cikin kwarmi don su motsa.

Maganar gilashi ana yawan zuzuta ta. Gilashin taga bai tare ko rabin hasken UV ba, wato hasken da ido ba ya gani amma yake koɗar da launi, na musamman kuwa yana tare kashi 97 zuwa 99 cikin 100. Amma hasken da ido yake gani shi ma yana koɗar da launi, kuma ɓarnarsa taruwa take yi, ba ta warkewa da an mayar da hoto duhu. Gidajen tarihi suna ajiye zanen ruwa da yadi da rubutun tawada a luks 50 (luks ma'aunin ƙarfin haske ne), zanen mai kuma 150 zuwa 200, alhali rana tsaka takan kai luks 100,000. Babu gilashin da zai ceci hoton da ke fuskantar taga. Gilashin roba ya fi sauƙin nauyi, ba ya tarwatsewa, amma yana tara irin wutar nan da ke sa leda ta ɗauki gashi, sai ya tsotso garin gawayi ko na alli mai launi daga fuskar zane. Irin wannan zane gilashin gaske yake so, da tazara mai zurfi.

To idan firam na asali ya riga ya ɓata fa? Gidan tarihi na Metropolitan a New York ya fuskanci wannan da katafaren zanen Emanuel Leutze na 1851, wanda ya nuna George Washington yana ƙetare kogin Delaware, faɗinsa kusan mita 6 da rabi. Firam ɗinsa na farko ya salwanta, ya daɗe a cikin wani da bai kai shi ba. Sai aka ci karo da hoton da Mathew Brady ya ɗauka a wani baje koli a 1864, ga zanen a firam ɗinsa, da gaggafa da tutoci da makamai a samansa. Da wannan hoto kamfanin Eli Wilner ya sassaƙa sabo, aka nuna shi a 2012. Abin lura shi ne sun yi aiki da hujja, kuma ba su ɓoye cewa sabo ne ba. Inda babu irin wannan hujja, abin da ya fi shi ne a nemi firam na ƙasar da zamanin zanen, kamar baƙin katako mara zinariya ga yawancin zanen Holan na ƙarni na 17. Amma ko nan akwai tarko. Sarakuna da attajiran Turai sun sha cire wa hotunan da suka saya firam su sa musu nasu iri ɗaya, don a san na gidansu ne. Wannan firam na biyu yanzu shi ma ya shekara 200 ko 300 tare da hoton, ya zama shaidar inda ya zauna. Idan an cire shi, a ajiye shi da lamba, kada a sayar.

Waɗannan ƙa'idoji an tsara su ne a ƙasashen da gidajen tarihi suke riƙe danshin iska tsakanin kashi 40 zuwa 60. A Kano ko Damagaram, danshi yakan faɗi ƙasa da kashi 20 a hunturu, ya haura 70 a watan Agusta, kuma daga kusan 65 zuwa sama funfuna take fara samun wurin zama. Katako yana kumbura yana tsukewa a faɗinsa, jeso ba ya bin sa, shi ya sa kusurwa take buɗe baki, ado yake zubowa. Don haka hoton kaka, da takardar shaidar makaranta, da shafin Alƙur'ani na rubutun hannu da aka sa a firam sun fi na Landan bukatar tazara da rufaffen baya. Kada a rataye su a bangon da ruwan sama yake duka ta waje. A liƙa 'yan ƙwallayen roba biyu a kusurwoyin ƙasa ta baya don iska ta riƙa ratsawa tsakanin firam da bango, a kuma sauke shi sau ɗaya a shekara a duba gara da kyankyaso, da garin katako da ke zubowa daga ƙananan huji. Lamineshin, wanda ake ɗauka kariya ce, narkakkiyar leda ce ake dannawa cikin takarda da zafi, kuma ba ta fita. A yi wa kwafi, a bar na asali a cikin kwali mara asid. Idan kuma damina ta riga ta manne hoton kyamara da gilashi, ana ganin wurin ya yi duhu kamar jiƙaƙƙe, kada a ja, fuskar hoton za ta bi gilashin. A fitar da su tare, a ɗauki hotonsa ta cikin gilashin da kyamara mai kyau tukuna, sannan a nemi mai gyaran takarda.